Kafin ka zuba miliyoyi a firam ɗin keken tsere

A shekarar 2024 Biniam Girmay ɗan ƙasar Eritiriya ya lashe zango uku a gasar Tour de France, ya kuma koma gida da koriyar riga. A watan Satumban 2025 kuma birnin Kigali na Ruwanda ya karɓi baƙuncin gasar tseren keke ta duniya, karo na farko a nahiyar Afirka. Duk wanda ke fita da sassafe ranar Asabar a Abuja ko Legas ya san wannan wasa ya daina zama abin kallo a talabijin kawai. Za ka ga mahaya cikin ayari, da hulunan kwano da matsattsun kaya, suna tafe kan kekunan da wasunsu sun fi ƙaramar mota tsada.

Keke ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Iyayenmu sun san Raleigh da Phoenix, sun san darajar da malamin makaranta ke da ita ranar da ya fito da sabon kekensa. Amma keken tsere na zamani wata halitta ce daban, kuma zuciyarsa ita ce firam, wato gangar jikin da ake ɗaura tayoyi da sirdi da sitiyari da giya a kanta. Firam tsura na manyan kamfanoni irin su Pinarello da Colnago da Specialized, da fok ɗinsa kawai, babu taya babu feda, yana kamawa daga dala 5,000 zuwa sama. Idan aka lissafa dala a kan naira 1,500, ana maganar miliyan 7.5 ke nan kafin kuɗin jirgi da na kwastan.

Ba mu ga laifin wanda Allah Ya hore wa ya sayi abin da ransa ke so ba. Abin da muke gani shi ne yawancin masu sayen suna fara da tambayoyin da ba su ne masu muhimmanci ba. Wane ne Tadej Pogacar ke hawa? Giram nawa ne nauyinsa? Tambayoyin da ya kamata su zo gaba su ne ko firam ɗin ya dace da jikinka, ko zai jure titin da za ka riƙa bi, da kuma wanda zai gyara maka shi ranar da wani abu ya karye.

Maganar nauyi

Da nauyi kamfanoni suka fi tallata hajarsu, domin lamba ce da kowa ke ganewa. Specialized ta fitar da firam ɗin Aethos a 2020 mai nauyin giram 585, sannan Tarmac SL8 a 2023 mai giram 685. Aikin injiniya ne abin yabo, babu ja. Sai dai mu yi ɗan lissafi. A ce kai da kekenka da gorar ruwa da kayan jikinka kun kai kilo 85. Firam ɗin da ya fi wani rashin nauyi da giram 300 ya rage maka kusan kashi 0.35 cikin 100 ne na abin da kake turawa. Ko da za ka shafe awa guda cur kana hawan tudu mai tsananin gangara, ribar ba za ta wuce daƙiƙa 13 ba. Ƙaramar gorar ruwa mai rabin lita ta fi wannan bambanci nauyi. A shimfiɗaɗɗen titi kuwa, irin na Kano zuwa Wudil, ribar kusan babu ita. Mai zama a Jos da ke fama da tuddai kullum yana da ɗan uzuri, amma shi ma kaɗan.

Hatta ƙwararrun ba sa cin moriyar rashin nauyin har ƙarshe. Tun shekarar 2000 hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta kafa dokar cewa keken gasa kada ya gaza kilo 6.8. Saboda haka manyan kamfanoni suka mayar da hankali ga yadda firam ke keta iska, domin a gudun tsere iska ce babbar abokiyar gaba. Nan ma akwai abin da tallar ba ta cika faɗa ba: mafi yawan iskar da ke tare mahayi jikinsa take bugu, ba firam ba. Yadda ka duƙa, da faɗin sitiyarinka, da rigar da ke kaɗawa a bayanka, sun fi siffar bututun firam tasiri. Alkaluman da kamfanoni ke bayarwa kuma galibi an auna su ne a gudun kilomita 45 a awa, gudun da mai hawan Asabar ba ya riƙewa sai a gangara.

Jikinka ne ma'auni

Nan ne kuɗi ya fi salwanta. Firam ɗin da bai dace da jikinka ba, ko da zinare aka ƙera shi, ciwon baya da na wuya da dindirisin hannu zai gadar maka, daga nan ya koma ado a falo.

Kuskuren da aka fi yi shi ne dogaro da lambar girma. Mutum ya ji abokinsa mai tsayi irin nasa yana hawan 56, sai shi ma ya yi odar 56. To amma kowane kamfani da yadda yake awo. Colnago tana rubuta lambobi irin su 485 da 510 da 530, Canyon ta Jamus tana amfani da haruffa, kuma abin da wani ke kira matsakaici wani babba yake ce masa. Lambobi biyu ne kaɗai ba sa yaudara, waɗanda Turawa ke kira sitak da rich, kuma kowane kamfani na kirki yana sa su a jadawalin awonsa. Dukkansu daga tsakiyar gidan feda ake auna su. Na farko yana gaya maka yadda goshin firam ya ɗaga sama, na biyu kuma yadda ya yi nisa gaba. Da waɗannan biyu za ka iya gwama firam ɗin Italiya da na Taiwan ba tare da ka taɓa ko ɗaya ba. Idan kana da keken da kake jin daɗinsa yanzu, nemo lambobinsa, su zame maka mafari.

Akwai kuma maganar da masu saye ba sa son ji. An zana firam ɗin tsere na ainihi ne don mutanen da ke hawan kusan kilomita 30,000 a shekara, masu jiki kamar tsumagiya, waɗanda za su iya duƙawa awa biyar ba tare da ƙorafi ba. Goshinsa ƙasa yake, kuma nesa. Ma'aikacin banki ɗan shekara 45 da ke wuni a kujera Litinin zuwa Juma'a ba haka bayansa yake ba. Abin da ke faruwa shi ne sai ya sayi firam ɗin zakarun, sannan ya jera zobba a ƙarƙashin sitiyari don ya ɗaga shi, ya sa gajeren wuya, har keken ya rasa daidaiton da aka biya miliyoyi dominsa. Alhali kamfanonin nan suna da wani jeri da suka yi wa irinsa: Trek tana da Domane, Specialized tana da Roubaix, Giant tana da Defy, Canyon tana da Endurace. A girma ɗaya, goshin waɗannan kan fi na 'yan tsere tsayi. Ba kekunan ragwaye ba ne, kuma ana samunsu da kabon mai daraja ɗaya da na 'yan uwansu. Girman kai ne kawai ke hana mutane duba su.

Titin da za ka bi

Shekaru goma sha biyar da suka wuce taya mai faɗin milimita 23 ce ake yayi, ana bugunta da iska har ta yi tauri kamar dutse. Yau ƙwararru suna tsere da 28 zuwa 30, a gasar Paris-Roubaix mai titin duwatsu ma har 32, domin an gano faffaɗar taya mai sassaucin iska ba ta rage gudu a titin da ba sumul yake ba, tana kuma rage gajiya. Firam ne ke yanke hukuncin faɗin tayar da za ta shiga. Tsofaffin firam masu birkin da ke matse bakin wili da ƙyar suke karɓar 28. Na tsere na yanzu masu birkin faifai kan karɓi 32 ko kusa da haka, Domane da Defy kuwa har 38.

Ga wanda zai hau a titunanmu, masu ramuka da faci da yashin da ruwan sama ke tarawa a gefe da tudun rage gudu da ba a yi wa fenti ba, wannan lamba ta fi lambar nauyi amfani nesa ba kusa ba. Shawararmu kada ka sayi firam ɗin da ba zai ɗauki taya 32 ba, komai kyan sunansa da rangwamen da aka yi maka.

Kabon, alminiyom, ƙarfe ko titaniyom

A fagen gasa an gama wannan muhawara. Marco Pantani ne na ƙarshe da ya lashe Tour de France a kan firam na alminiyom, wani Bianchi, a 1998. Tun daga nan zaren kabon ne ke mulki, kuma da dalili: injiniya na iya jera zaren yadda zai yi tauri a inda ake taka feda, ya yi laushi a inda ake zama. Kabon ba ya tsatsa, kuma ba gaskiya ba ne cewa rana za ta narkar da shi. Rauninsa bugu ne a wuri guda. Keke ya faɗi a kan bakin kwalbati, ko ɗan dako ya ɗora masa kaya a bayan mota, sai bututun ya tsage daga ciki alhali fenti na nan lafiya. Ƙarfe idan ya ji rauni lanƙwasa yake yi ka gani. Kabon yakan yi shiru ne har ranar da zai karye. Ana gyara shi, gyara mai kyau ma, amma aikin ƙwararru ne masu kayan aiki na musamman, ba na mai walda ba.

Alminiyom na zamani, irin jerin CAAD na Cannondale, yana ba da mafi yawan abin da kabon ke bayarwa a kan kuɗi kaɗan, sai dai idan ya tsage walda kaɗai ba ta mayar da ƙarfinsa sai an sake gasa shi. Ƙarfe mai daraja daga Reynolds ta Birmingham, wadda ta fitar da shahararren bututunta na 531 tun 1935, ko Columbus ta Italiya, ya fi nauyi da kusan kilo guda, amma yana jure wahala, kuma shi ne mafi sauƙin gyara. Titaniyom, wanda kamfanoni irin su Moots da Litespeed na Amurka suka yi suna da shi, ba ya tsatsa, ba ya buƙatar fenti, kuma zai iya kai ka tsufa. Wanda ba gasa zai shiga ba, yake kuma yawan loda kekensa a mota ko jirgi, ya kamata ya tsaya ya yi tunani a kan waɗannan biyun kafin ya bi yayi.

Ranar da abu ya karye

A gasar Olamfik ta Paris a 2024, 'yar Najeriya Ese Ukpeseraye sai da ta ari keke daga tawagar Jamus kafin ta shiga tseren cikin fili. Idan a wannan mataki kayan aiki na iya yin wuyar samu, to ina ga mai hawa don nishaɗi a Kaduna ko Maraɗi? Mai saye a Milan yana da dillalin kamfani a bayan layinsu. Kai kuwa duk abin da ya lalace sai ka yi oda, ka jira makonni, ka biya da dala. Saboda haka kowane ɓangare da kamfani ya ƙera shi yadda nasa kaɗai zai shiga, tarko ne a gare ka.

Fara da sandar sirdi. Yawancin firam masu keta iska suna da sanda mai siffa ta musamman, wadda idan ta tsage babu wata da za ta maye gurbinta sai ta wannan samfurin. Firam mai zagayayyar sanda ta milimita 27.2 kuwa, a ko'ina cikin duniya za ka samu. Haka sitiyarin da aka haɗe shi da wuyansa aka cusa wayoyin birki a ciki. Yana da kyan gani ƙwarai. Amma idan ka gano ya yi maka nisa da santimita ɗaya, sai ka sayi wani sukutum da ɗaruruwan daloli, a zare bututun man birki, a sake ɗura mai. Wayoyin kuma ta cikin boris ɗin wuya suke bi, wurin da ƙurar hunturu da zufa ke taruwa, don haka canjin boris da a da aikin minti ashirin ne ya koma aikin wuni.

Duba gidan feda. Akwai wanda ake murɗawa kamar noti, irin BSA da T47, akwai wanda ake cusawa da matsi. Na matsin ya yi ƙaurin suna wajen ƙara idan ramin bai fita daidai ba, kuma cire shi na buƙatar kayan aiki na musamman. Ba banza ba Specialized da Trek suka koma na murɗawa a manyan kekunansu bayan shekaru suna tallata ɗayan. Mai gyaran da ya saba da guduma da kurfi bai kamata ya kusanci gidan fedar kabon ba.

Sai ɗan ƙaramin ƙarfen da ake rataye giyar baya a jikinsa. An yi shi ne don ya lanƙwashe ko ya karye a madadin firam idan keke ya faɗi. Kusan kowane samfuri da irin nasa, kuma rashinsa na iya ajiye keken miliyoyi wata biyu. A 2019 kamfanin SRAM ya fito da na bai-ɗaya mai suna UDH, wanda sababbin firam da dama suka fara karɓa. Ko wanne ne naka, sayi biyu ko uku ranar da ka sayi firam ɗin. Ka kuma tambaya ko firam ɗin na karɓar giya mai waya, domin da yawa daga cikin na sama yanzu giyar batir kaɗai suke ɗauka, kuma Dura-Ace ɗin da Shimano ta fitar a 2021 ba shi da na waya ko kaɗan. Giyar batir tana aiki sumul, amma idan ta mutu ba a gyara ta da filaya.

Kada ka manta da sifana mai auna ƙarfin ɗauri. Kusoshin sitiyari da na sirdi a firam ɗin kabon suna da iyakar da aka rubuta a jikinsu, galibi tsakanin 4 da 6 a ma'aunin Nm. Hannun da ya saba ɗaure notin babur zai wuce wannan iyaka ba tare da ya sani ba, ya murƙushe bututun.

Jabu da na hannu

Wannan ne ɓangaren da ya shafi rai, ba aljihu kaɗai ba. Intanet cike take da firam masu ɗauke da sunan Pinarello ko S-Works a kan dala 500 ko 600. Fentin ya yi, tambarin ya yi, amma babu wanda ya san yadda aka jera zaren a ciki, kuma babu wanda za ka kama. Idan fok ya karye kana gangarowa da gudun kilomita 60 a awa, fuska ce ke fara isa kwalta. Ko kamfanonin gaske suna kuskure: a watan Maris na 2021 sitiyarin Canyon ya karye a hannun Mathieu van der Poel ana tsaka da tseren Le Samyn a Beljiyam, kamfanin ya ce masu irin keken su dakata da hawa, a shekarar kuma Specialized ta yi kiranyen Tarmac SL7 saboda matsalar fok. Bambancin shi ne waɗannan sun sanar, sun kuma gyara. Mai jabu shafinsa kawai zai rufe.

A kula, ba muna cewa duk abin da ya fito daga Chaina jabu ne ba. Mafi yawan firam ɗin kabon na duniya, har da na sunayen Turai da Amurka, a Taiwan da Chaina ake ƙera su, da zaren da kamfanoni irin su Toray ta Japan ke samarwa. Giant, wadda aka kafa a Taiwan a 1972, ta daɗe tana yi wa wasu kamfanoni ƙira. Akwai kamfanonin Chaina irin su Winspace da Yoeleo da ke sayar da firam da sunansu a farashi mai sauƙi, kuma tun 2025 ƙungiyar Astana ke fafatawa a manyan gasanni da kekunan kamfanin XDS na Chaina. Firam ɗin da ya faɗi sunan mai shi na gaskiya ya fi wanda ya ari sunan wani aminci. Nemi lambar da ke ƙarƙashin gidan feda, ka aika wa kamfanin ya tabbatar maka kafin kuɗi ya bar hannunka.

Na hannu kuwa, wanda ke shigowa cikin kwantena tare da sauran kayan gwanjo, caca ce. Wani lokaci a dace da abin kirki a araha. Amma ka tuna garantin yawancin kamfanoni na mai saye na farko ne, kuma ba ka san dalilin da ya sa mai shi ya rabu da shi ba. Kafin ka biya, a wanke shi tas, ka duba shi a hasken rana, musamman kewayen gidan feda da inda sandar sirdi ke shiga da ƙarƙashin babban bututu. A zare fok ɗin gaba ɗaya ka ga sandarsa, domin nan ne tsaga mafi haɗari ke ɓuya. Sabon fenti a wuri guda ko sitika a inda ba a saba sa ta ba abin tambaya ne. Idan mai sayarwa ya ƙi a kwance, bar masa kayansa.

Ga wanda ya nace sai sabo kuma sai babban suna, akwai hanyar da ta fi hankali. Kusan kowane kamfani yana fitar da firam ɗaya a daraja biyu ko uku, siffa ɗaya, awo ɗaya, bambancin kawai irin zaren da aka yi amfani da shi. Tarmac SL8 na sama giram 685 ne, na ƙasa da shi giram 780. Trek tana da SLR da SL, Canyon tana da CFR da CF SLX. Tazarar giram 95 ce a misalin farko, nauyin da bai kai na wayar da kake karanta wannan da ita ba, amma tazarar farashin ta isa ta saya maka tayoyi masu kyau, da hular kwano ta gaske, da sifanar ɗauri, da kayan gyaran da za ka ajiye a gida.